Murya ta Huɗu

Su uku ne suka kafa ƙungiyar, kuma uwa ɗaya uba ɗaya suke. Malachy ne babba, shi ke kaɗa jita. Celina ce ta tsakiya, ita ke jan goge irin na Turawa. Sai auta Longji, mai rungumar wata ƙatuwar jita mai kaurin sauti da ake kira bas, wadda ta kusa kamo shi a tsawo. Kiɗansu shi ne wanda ake kira kantiri, kiɗan manoma da direbobin ƙauyukan Amurka. Mutanen garin Greensboro da ke can Amurka sukan yi mamaki idan suka ga baƙaƙen yara uku daga Najeriya sun hau dandamali da irin wannan kiɗa, amma duk wanda ya taɓa shiga motar haya a Filato ya san babu abin mamaki a ciki. Mahaifinsu, Baba Harrison, direban babbar mota ne tsakanin Pankshin da Jos, kuma kaset ɗin kantiri ba ya fita daga rediyon motarsa sai in zai juya shi. Da wannan kiɗa aka yaye su duka.

Sai dai ba shi ya koya musu waƙa ba. Yayarsu ce, Confidence, 'yar fari. Tun suna ƙanana takan jera su a bakin ƙofa ta raba musu murya: Malachy ya riƙe ƙasa, Celina tsakiya, Longji ya bi Celina har ya yi wayo, ita kuma ta ɗauki sama. In ɗayansu ya kauce sai ta ja masa kunne ba tare da ta daina waƙar ba.

A shekarar da Baba ya ci cacar bizar Amurka, Confidence ta riga ta cika ashirin da biyu, kuma doka ta ce wanda ya kai waɗannan shekaru ba ya bin iyayensa. Aka ce mata wata shida ne, shekara ɗaya ce, za a cika takardu. Ta raka su filin jirgi a Abuja, ta gyara wa Celina wuyan riga, ta koma Jos ita kaɗai. Takardun suka yi ta jira a layi. Ta yi aure, ta haifi 'ya mace aka sa mata Christy, ta kama koyarwa a wata firamare a Bukuru. Baba ya rasu a Greensboro bai sake ganinta ba.

Bayan rasuwarsa ne su ukun suka fara waƙa da gaske. Sun fara a cocinsu da ke East Greensboro, ranar bikin godiyar kaka, daga nan sai kasuwar manoma ta ranar Asabar, sai wani gidan gasasshen nama da ya ba su kusurwa kusa da taga. Suka sa wa kansu suna Pankshin Road. A lokacin Malachy yana sayar da tsofaffin motoci a wani fili da ke Gate City Boulevard, Longji yana jami'a, Celina kuma tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Sedgefield. Waƙoƙin Malachy ne ke rubuta su da Turanci, yana ɗan cusa Hausa a amshi. Mutane suna tafa musu, su sayi nama su tafi. Shekara biyu suka yi a haka, ba yabo ba fallasa.

Wani tsohon Bature mai suna Eli ne ya ji su a kasuwa ya gayyace su. Ya daɗe yana naɗar waƙa a garejin gidansa, wanda ya lulluɓe bangonsa da tsofaffin barguna. Wata Talata da hantsi suka je, ya tsayar da kowa a gaban makirfonsa, suka rera waƙa ɗaya sau uku. Da suka gama sai ya zauna da abin sauraro a kunne yana sake saurara. Can ya ɗago ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku nawa ne a gidanku?" ya tambaya.

"Mu uku ne a nan," in ji Malachy.

Eli ya kunna musu. Ya fara da muryar Malachy ita kaɗai, sai ta Celina, sai ta Longji, kowace tsaf babu wani abu a bayanta. Sannan ya haɗa ukun. Da aka kai amshi sai ga wata murya ta mace ta taso a saman tasu, siririya, a tsaye, tana bin waƙar kalma da kalma.

"Wannan ba sabon abu ba ne," in ji Eli, yana sosa gemu. "'Yan'uwan jini in suka haɗa murya, kunne yakan ƙirƙiro wata a sama. Na sha ji. Abin da ban taɓa ji ba shi ne a ce tana jan numfashi."

Ya maido waƙar baya kaɗan. Kafin amshi na biyu, a daidai inda su ukun suke riƙe da dogon sauti babu mai damar shaƙar iska, sai aka ji an ja numfashi, an kuma yi 'yar gyaran murya, guntuwa, kamar ta wanda yake shirin hawa sama. Tsigar jikin Celina ta tashi tun daga wuya har gadon baya. Ta san wannan gyaran murya. Shekara goma sha uku ta yi tana jin ta a gefen kunnenta na hagu.

Ta dubi Malachy. Shi kuwa ya ƙura wa lasifikar ido, fuskarsa tana haske.

"Kada ka taɓa komai," ya ce wa Eli. "Bar shi haka."

Ranar Lahadi Celina ta ɗauko Mama daga coci, ta sa mata waƙar a mota. Suna tsaye a danja a Gate City Boulevard aka kai amshi. Mama ta dafa ƙirji ta yi murmushi irin wanda Celina ta daɗe ba ta gani ba.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. "Ashe kun sa yayarku a ciki. Ta waya kuka ɗauke ta?"

Danja ta ba da hannu, na baya ya yi mata oda. Celina ta ja mota, Mama kuma tana ta bin waƙar da kai.

Da suka isa gida Celina ta shiga ɗaki ta kira Jos. Confidence ta ɗauka, tana lafiya, Christy na lafiya, ana ta ruwa. Muryarta ta ɗan dishe, ta ce mura ce da ƙurar alli. Suka yi hirar makaranta da ta takardun da har yanzu shiru. Celina ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta rasa yadda ake yin irin wannan tambaya. Ta ce a gai da Baban Christy, ta kashe waya.

Wannan waƙa ce ta buɗe musu hanya. Wani gidan rediyo na garin ya sa ta, wani ya karɓa, aka fara kiran su bukukuwan kaka da na shanu a ƙananan garuruwa, har Virginia da Tennessee. Malachy ya bar sayar da motoci ya sayi tsohuwar motar bas mai kujeru takwas. Celina ta koma aikin kwana uku a mako. Masu rubutu a jarida suka yi ta magana a kan yadda mutum uku suke cika wuri kamar mutum huɗu. Muryar kuwa ba a naɗi kaɗai ta tsaya ba. A kan dandamali ma tana zuwa, in dai su ukun sun haɗu a amshi, kuma kullum daga wuri ɗaya, tsakanin kafaɗar Celina ta hagu da inda Longji yake tsayawa. Ba tare da sun taɓa shawartawa ba suka fara barin fili a wurin, daidai tsayuwar mutum ɗaya.

Wani lokaci Celina takan ji ɗumi a wannan gefe, kamar na jikin wanda ya matso kusa. Wata rana a wani filin wasa, rana tsaka, ana ta ƙamshin masara da ciyawa, sai ta shaƙi warin hayaƙin gawayi da manja. Ta ci gaba da jan gogenta. Ta gaya wa kanta abin da Eli ya faɗa, cewa kunne ne yake ƙirƙira. Shekara biyu tana gaya wa kanta haka, kuma a cikin shekarun nan kiran da take yi wa Jos ya ragu, domin duk lokacin da ta kira sai ta ji muryar yayarta ta ƙara sirancewa.

Baban Christy ne ya kira ta da kansa, wata Alhamis tana hutun cin abinci a wurin aiki. Mutum ne mai kunya, bai taɓa kiran ta kai tsaye ba.

"Anti Celina, ki yi haƙuri," ya ce. "Ta hana ni faɗa wa Mama, amma abin ya fi ƙarfina."

Ya ce shekara biyu ke nan wani abu yana kama Confidence. Tana cikin aiki sai ta tsaya cak, idonta a buɗe, bakinta yana motsi amma babu sauti. Ko an kira ta, ko an girgiza ta, ba ta sani. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci sa'a guda, wani lokaci ma daga barci take tashi zaune ta yi hakan. In ta dawo sai gumi da ƙishirwa, muryar kuma ta shaƙe kamar ta wanda ya wuni yana ihu. An je asibiti an ɗauki hoton kai ba a ga komai ba. Fastoci sun yi addu'a. Ta bar koyarwa tun bara domin yara ba sa jin ta. Ranar Asabar da ta wuce abin ya same ta tana suyar doya, hannunta ya sauka a kan kaskon, ba ta janye ba sai da Christy ta shigo ta yi kururuwa.

"Da ƙarfe nawa?" Celina ta tambaya.

"Wajen bakwai na yamma."

Bakwai a Jos, biyu ke nan na rana a nan. Ranar Asabar da ƙarfe biyu suna kan dandamali a wani bikin tuffa.

"Likita ya ce in riƙa rubuta ranaku da lokaci," in ji Baban Christy. "Suna nan a littafi."

"Karanto min."

Ta buɗe kalandar ƙungiyar a wayarta. Yana karantowa tana bi da yatsa. Ranar wasa, ranar gwaji, ranar naɗi a garejin Eli, babu wadda ta kuskure. Akwai wata Laraba da ba ta cikin kalanda, har ta fara jin sanyi a ranta, sai ta tuna ranar ce tayarsu ta fashe a hanya, suka zauna a gefen titi suna rera waƙa suna jiran mai gyara. Ta ce masa ya isa. Abincinta ya huce a gabanta ba ta taɓa ba.

Malachy bai yarda ba. Ya ce an yi katari ne, ya ce farfaɗiya iri-iri ce. Longji ya sunkuyar da kai. A ƙarshe Celina ta ce to a gwada a gani. Ranar Lahadi bayan sujadar coci suka taru a falon Mama, rana tana shigowa ta labule, tukunyar miya tana kan wuta a kicin. Suka gaya wa Mama komai. Aka kira Jos ta bidiyo, aka jingina wayar da kwalbar ruwa a kan tebur. Confidence tana zaune a kujera, hannunta na dama a naɗe da bandeji, mijinta yana tsaye a bayanta. Ta rame, amma ta yi musu murmushi. Da ta gaishe da Mama sai da aka ƙara sautin waya kafin a ji ta.

Ba su ɗauki kayan kiɗa ba. Malachy ya ba da sauti, suka fara. Baiti na farko ya wuce, Confidence tana kallon su tana gyaɗa kai. Suna shiga amshi sai kanta ya tsaya. Idonta ya kafe a wuri ɗaya, fuskarta ta zama kamar ta hoto. Leɓɓanta suka fara motsi. Daga wayar babu abin da ke fitowa sai kukan wani zakara can nesa a Bukuru. Muryar kuwa ga ta nan a cikin falon, cikakkiya, mai ƙarfi irin ta da, tana tashi daga tsakanin Celina da Longji, a gaban kabad ɗin kwanuka inda babu kowa.

Longji ne ya fara yankewa. Ya ja da baya har ya buge kujera. Muryar ta ɗauke nan take, kamar an rufe ƙofa. Mama ta zame daga kujera ta durƙusa a kan kafet tana kiran sunan Yesu.

A cikin wayar Confidence ta ƙifta ido, ta nemi ruwa. Ta sha, ta goge baki, sannan ta matso kusa.

"Mama," ta ce a hankali, "hoton Baba ya karkace. Ku gyara shi."

Hoton yana bangon da ke bayan wayar, inda kyamara ba ta kaiwa. Duk suka juya. Ya karkace kuwa.

"Yaya," in ji Celina, "kin san abin da yake faruwa?"

"Tun ranar farko. Wani ɗaki ne mai barguna a bango, da wani tsoho mai gemu. Na ɗauka mafarkin ido biyu nake yi." Ta yi tari. "Na ga duwatsun nan masu hazo da kuka je. Na ga ranar da igiyar gogenki ta tsinke kika ci gaba da uku. Longji, ka daina tsayawa a karkace, bayanka zai yi ciwo."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Don na san abin da za ki ce." Ta dubi Celina kai tsaye. "Kada ku daina. Kin ji ni? Shekara goma sha huɗu ina jiran takarda. Nan ne kaɗai nake zuwa in tsaya a cikinku."

"Hannunki fa, Yaya? Muryarki fa?"

"Hannuna ne. Muryata ce."

Mijinta ya juya fuska gefe. Miya ta fara ƙauri a kicin, babu wanda ya tashi.

A makon ne wani kamfanin waƙa na birnin Nashville ya aiko musu da takardar yarjejeniya: faifai biyu da zagayen garuruwa na wata huɗu, wasa kusan kowace rana. Abin da Malachy ya shekara huɗu yana nema ke nan. Suka zauna a cikin bas ɗinsu a bakin gidan Mama, tagogi a rufe don kada ta ji.

"Da bakinta ta ce mu ci gaba," in ji Malachy. "Ba yarinya ba ce. Za mu riƙa aika musu jadawali, ta zauna a kujera kafin lokaci, babu wuta babu titi. Wa aka cuta?"

Celina ta ce, "Wata huɗu, Yaya, kullum. Yanzu ma da ƙyar ake jin ta. In muka dawo me zai rage? Christy za ta girma ba ta san muryar uwarta ba, mu kuma muna sayar da ita a faifai."

"Ba mu muka jawo ta ba."

"Mu muka bar ta."

Malachy ya bugi sitiyari da tafin hannu. Ya juya wurin Longji. Longji ya ce shi tun ranar Lahadi bai iya buɗe jakar bas ɗinsa ba, kuma ba ya jin zai iya. Ya faɗa da Turanci, kamar yadda yake yi duk lokacin da abu ya yi masa nauyi.

Nan Pankshin Road ta ƙare, a cikin mota, da rana tsaka. Malachy ya nemo wasu mawaƙa biyu ya kai su garejin Eli, aka naɗa aka saurara, murya uku ce ba ƙari. Kamfanin ya janye. Ya tattara kayansa ya koma Nashville shi kaɗai, yana wasa a ƙananan wurare da jitarsa. Longji ya kama aikin kwamfuta a Raleigh. Celina ta sa gogenta a ƙarƙashin gado ta koma aiki cikakke. Ko a coci ta daina waƙa, sai dai ta motsa baki.

Confidence ta yi fushi da ita, fushi na gaske. Wata bakwai ba ta ɗaukar wayarta. Daga wurin Baban Christy Celina take jin labari: abin bai sake zuwa ba, hannun ya warke, muryar tana dawowa kaɗan kaɗan, har ta koma aji. Ya ce tana cin abinci, tana barci, sai dai takan zauna a bakin ƙofa da yamma ta daɗe ba ta ce komai ba. Celina ta ce wa kanta ta yi daidai, kuma ta yarda da hakan. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne yadda ranakun Asabar suka zame mata. Takan tashi ta rasa inda za ta sa kanta, ta buɗe shafin Malachy ta ga hotonsa shi kaɗai a gaban makirfo, ta rufe.

Wata Asabar ce a watan Oktoba, wajen ƙarfe uku na rana. Tana ɗakin wanki a gidan tsofaffin, ita da Fourera, wata 'yar Nijar da suke aiki tare, suna ninke zannuwan gado. Ta kama gefe biyu, Fourera ta kama biyu, suka matso za su haɗa. Sai ƙarar injin busar da kaya ta yi nisa.

Rana ta doki fuskarta. Tana tsaye a kan katako a ƙarƙashin wata farar rumfa, ga mutane zaune a kan dammunan ciyawa, ga wata yarinya da jan balan-balan, ga warin dawaki. A damanta Malachy ne, ya bar gemu, gumi yana bin wuyansa, yana kaɗa wata waƙa da ba ta taɓa ji ba. Ya kai amshi, sai ta ji bakinta ya buɗe, kalmomin suna fitowa daidai kamar ta shekara tana rera su. Ta ga kafaɗarsa ta ƙame. Bai juyo ba. Ya rufe ido ya ci gaba, ita ma ta ci gaba, kuma daɗin da ta ji a lokacin ba ta taɓa jin irinsa ba tun da take.

"Celina! Celina! Subhanallahi!"

Fourera ce take girgiza ta. Zanin yana ƙasa. Maƙogwaronta ya bushe kamar ta haɗiyi yashi.

"Minti goma kina tsaye kamar gunki, bakinki yana ta motsi," in ji Fourera. "To, zauna nan, bari in kira nas."

"Kada ki kira kowa. Ba ni ruwa kawai."

Da ta tashi aiki ta zauna a cikin motarta a wurin ajiye motoci, makulli a hannu, ta kasa tayarwa. Ta kira Malachy. Ya ɗauka a bugun farko, tana jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Ka bar gemu," ta ce.

Ya saki wani dogon numfashi. "Na ji ki. Wallahi ban nema ba, Celina. Ban san zai faru ba." Sannan ya ce, "In kin ce in daina, yau zan sayar da jitar. Wannan karon da gaske nake."

Ta san da gaske yake. Kalma ɗaya ce, kuma a baya ita ce ta faɗe ta a madadin yayarta ba tare da ta yi jinkiri ba. Ta dubi titin da za ta bi zuwa gida, motoci suna wucewa a guje.

"Turo min jadawalinka," ta ce. "Duka, har da na gwaji. Kada abin ya same ni ina tuƙi."

Washegari bayan coci ta sake gwada lambar Jos. Wannan karon aka ɗauka. Ta faɗi abin da ya faru, Confidence tana saurare ba ta katse ta ba. Muryarta da ta yi magana ta fito sarai, irin ta malamar aji.

"Ya yake? Ya rame?"

"Ya ɗan rame."

"To ki ji. Ki zauna tun kafin lokaci, kujera mai jingina. Ki kashe wuta. Kada ki riƙe yaro ko wuƙa. Ki ajiye ruwa kusa, mai ɗumi ya fi, da zuma in akwai." Sai ta ƙara da cewa, "In kin je, ki duba min ko yana cin abinci."

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Malachy ya fara suna a Nashville, ana cewa in yana waƙa shi kaɗai sai ka rantse su biyu ne. Duk ranar Litinin yakan turo jadawali, bai taɓa mantawa ba. Celina ta gyara ranakun aikinta, in kuma wasan rana ya faɗo a kan aiki, Fourera takan riƙe mata tsofaffinta ba ta tambayar komai. Sai ta shiga ɗakin wanki ta tura ƙofa, ta zauna a kujerar roba da ke kusa da injin, ta ajiye kofin ruwa a ƙasa, ta ɗora hannuwa a gwiwa tana jira.

Mama ba ta sani ba. Makon jiya dai da suke waya sau biyu tana cewa Celina ta ɗaga murya, ba ta jin ta sosai. Celina ta ce mata mura ce.